Yadda Za Ku Koya Wa Yaro Mai Asma Natsuwa, Mataki-mataki

Yaron da numfashinsa ya taɓa sarƙewa da tsakar dare ba ya mantawa da wannan dare. Za a sallame shi daga asibiti, ƙirji ya daina kuka, kowa a gida ya koma harkarsa, amma shi akwai abin da ya saura masa a zuci. Sai ku ga ya daina shiga ƙwallo, ko ya ƙi kwana in ba kusa da uwarsa ba, ko ɗan tari ya sa ido ya raina fata. Iyaye da yawa kan ce shagwaɓa ce. Tsoro ne, kuma wannan tsoron yana da hannu a cikin ciwon kansa.

A jikin mai asma, hanyoyin iska na cikin huhu a kumbure suke ta ciki, ko da a ranar da yake jin garau. In wani abu ya taɓa su, ƙura ko hayaƙi ko mura ko iska mai sanyi, sai naman da ke zagaye da su ya matse, majina ta taru, hanya ta tsuke. Yaro ya ji iska ba ta isarsa, ya firgita. Firgici kuma kan sa a riƙa jan numfashi sama-sama ta baki, iska ta shiga a bushe ba ta bi ta hanci ta ɗumama ba, ƙirji ya ƙara matsewa. Ga kuka, ga tari, ga uwa tana salati da ƙarfi, ga uba yana faɗa a kan inda aka ajiye magani. A wannan hali ko an samo inhela, wato maganin asma da ake fesawa a shaƙa, yawancin maganin a baki yake tsayawa, domin yaron da ke kuka ba ya iya shaƙa yadda ya kamata.

Ba a daren tashin ciwo kaɗai damuwa ke aiki ba. A birnin Glasgow na Sikotland an bi yara 90 masu asma, 'yan shekara 6 zuwa 13, tsawon wata 18, aka fitar da sakamakon a 2000. An gano cewa bayan babban tashin hankali a rayuwar yaro, haɗarin tashin ciwon yana ƙaruwa a makonnin da ke biye, kuma ya fi girma, ya fi saurin zuwa, ga yaran da dama can suke zaune cikin damuwa mai daɗewa. A 2006 wasu masu bincike a Kanada suka ƙara da cewa yara masu asma da sabon tashin hankali da damuwa mai daɗewa suka haɗu a kansu, jikinsu yana nuna alamar rage ƙera mazaunan da magungunan asma ke sauka a kai su yi aiki.

Shi ya sa likitoci suka fara duba horon natsuwa, wato mutum ya koyi maido da hankalinsa kan abin da ke faruwa a jikinsa da kewayensa yanzu, ya lura da shi ba tare da ya biye wa firgici ba. Jon Kabat-Zinn ne ya shigo da shi asibiti a 1979, a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, cikin shiri na mako 8. Da aka gwada shirin a kan manya masu asma, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna damuwarsu ta ragu kuma jin daɗin rayuwarsu ya ƙaru har bayan shekara guda, amma ƙarfin huhunsu bai canza ba. Ku riƙe wannan ɓangare na ƙarshe da kyau. Natsuwa ba ta buɗe hanyar iska, magani ne ke buɗewa. Aikin natsuwa shi ne ta bar yaro ya shaƙi maganin daidai, ya gane ciwon tun yana tasowa, ya kuma yi rayuwarsa ba a tsorace ba. Duk wanda ya ce muku motsa numfashi zai sa ku ajiye inhela, kada ku saurare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa asma ta kashe mutum 455,000 a 2019, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, inda magani ke wahalar samu ko ake jinkirin ba da shi.

Mataki na farko: ku gyara maganin tukuna

Ba a koya wa yaro natsuwa alhali kullum dare yana tashi da tari. Tsoronsa a lokacin gaskiya ne, kuma maganinsa yana wajen likita.

Inhela iri biyu ce. Akwai ta gaggawa, salbutamol, wadda yawanci shuɗiya ce, ita ke sassauta matsewa cikin 'yan mintuna. Akwai ta rigakafi, irin su beclometasone ko budesonide, wadda ake shaƙa kullum ko da lafiya ƙalau, ita ke kwantar da kumburin ciki, kuma a kuskure baki bayan an shaƙe ta. In yaronku yana buƙatar shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ko ciwon yana tashinsa daga barci, ko yana shanye gwangwani uku ko fiye a shekara, to ciwon bai kwanta ba, ku koma asibiti a duba batun rigakafi. Maganar da ake yi cewa in an fara inhela ba a dainawa, ko sai ciwo ya kai gargara ake ba da ita, ba ta da tushe, kuma ta cuci yara da yawa. Ƙwayar salbutamol da ruwansa da ake saya a kemis sun fi jinkirin aiki, sun fi kawo rawar jiki.

Kada yaro ya fesa inhela kai tsaye a baki. A haɗa ta da gorar shaƙa, wato gorar da ake fesa maganin a cikinta yaro ya shaƙa daga bakinta. Akwai ta sayarwa, in kuma babu hali, gorar ruwa ta roba mai milimita 500 ta wadatar. An gwada wannan a kan yara a Cape Town ta Afirka ta Kudu, sakamakon ya fito a 1999, kuma gorar ta yi aiki daidai da ta kamfani. A huda gindinta daidai girman bakin inhela yadda zai shiga cif, a wanke da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta ba tare da an goge ba. A girgiza inhela, yaro ya kama bakin gora da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya, ya yi numfashi biyar ko shida a hankali, sannan a sake girgizawa a fesa na gaba. Ƙananan da ba su iya kama baki ba suna buƙatar mai abin rufe hanci da baki.

Ku roƙi likita ya rubuta muku takarda: me ake sha kullum, fesa nawa in ciwo ya fara, yaushe za a tafi asibiti. Takardar nan tana rage fargabar gida fiye da yadda kuke zato, domin a ranar ruɗani babu mai tsayawa yin shawara.

Mataki na biyu: ku gaya masa abin da ke damunsa

Yaro ɗan shekara biyar ya isa a yi masa bayani. In ba ku yi ba, shi zai ƙirƙiro nasa, kuma nasa ya fi muni. Wani yana zaton laifi ya yi, wani ya ji an ce iska ce ko sammu, wani ya ji kakarsa tana cewa irin ciwon da ya kashe wane ne. Ku zaunar da shi ranar da yake lafiya, ku ce masa hanyoyin iskarsa suna da saurin fushi, in ƙura ko mura ta taɓa su sai su tsuke, shuɗiyar inhela tana buɗe su, ɗayar kuma tana hana su fushin. Ku gaya masa ba laifinsa ba ne, ba tarin tibi ba ne, babu mai ɗauka daga gare shi. In mai son ƙwallo ne, ku gaya masa David Beckham da asma ya buga wa Ingila.

In ya tambaye ku ko zai mutu, kada ku ce masa ya rufe baki, ba a faɗin haka. Ku ce: "Ciwon yana da ban tsoro, na sani. Amma muna da magani, mun san abin yi, kuma ba za mu bar ka kai kaɗai ba."

Mataki na uku: horon natsuwa, a ranakun lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da yaro bai saba da shi ba yana lafiya, ba zai iya shi ba ƙirjinsa yana kuka. Ku zaɓi lokaci guda a kullum, bayan magariba ko dab da kwanciya, ku haɗa shi da shaƙar maganin rigakafi don kada a manta. Minti biyu ko uku sun ishi ɗan shekara biyar zuwa bakwai, babba kuma ya kai biyar zuwa goma. Kada a mayar da shi hukunci, kada a tsawata in ya yi dariya ko ya motsa. Ku yi tare da shi, ku jawo ƙannensa da yayyensa, don kada ya ji an ware shi.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Yawancin darussan natsuwa da za ku gani a intanet da numfashi suke farawa: rufe ido, saurari numfashinka. Ga yaro mai asma, numfashi shi ne inda tsoron yake zaune. In kun tura hankalinsa can tun ranar farko, wani sai ya fara jin ƙirjinsa ya yi nauyi alhali babu komai. Don haka ku fara daga nesa da ƙirji.

Makon farko, kunne da ido. Ya zauna, ido a buɗe in ya fi so. Ku ce ya lissafo muku sauti uku da yake ji: kukan akuya, babur a titi, cokali a kicin. Sai abubuwa uku da yake gani, ya faɗi launinsu. Sai abu biyu da fatarsa ke ji, tabarma a ƙarƙashinsa, iska a wuyansa. In hankalinsa ya gudu wani wuri, ku ce masa haka hankali yake, kowa nasa yana gudu, a dawo da shi kawai. Wannan dawowar ita ce darasin gaba ɗaya.

Mako na biyu, ƙafa da hannu. Ya dafa tafin ƙafarsa a ƙasa, ya gaya muku ko da sanyi ko da ɗumi. Ya dunƙule hannu da ƙarfi ku ƙirga biyar, ya sake, ya lura da bambancin. Haka kafaɗu, ya ɗaga su har kunne, ya sake su su faɗo. Kafaɗun nan ku ba su muhimmanci, domin yaro mai asma yakan saba da ɗage kafaɗa yana numfashi da saman ƙirji ko da ciwon bai tashi ba, kuma hakan kansa yana gajiyarwa.

Sai a mako na uku ku zo kan numfashi, shi ma ta ƙofar ciki. Ya kwanta ya ɗan jingina, ku ɗora masa wani abu marar nauyi a cibiya, hularsa ko 'yar tsana, ya kalli yadda take hawa tana sauka. Ba a ce ya ja dogon numfashi ba. Jan iska da ƙarfi yakan tayar da tari, kuma ba shi ake nema ba. Numfashi ƙarami, mai laushi, ta hanci. In ya saba da wannan, ku koya masa fitarwa: ya shaƙa ta hanci ku ƙirga biyu, ya tsuke baki ya fitar a hankali ku ƙirga huɗu, kamar mai hura kunu mai zafi a ludayi. Fitar ta fi shigar tsawo, nan ne sirrin, domin a asma fitar da iska ce ta fi wuya, kuma doguwar fitarwa tana rage gudun zuciya. Kada a yi gasar riƙe numfashi.

Daga nan ku ba shi abin da zai tafi da shi ko'ina, wato yatsunsa. Ya buɗe hannu ɗaya, ya bi gefen kowane yatsa da manunin ɗaya hannun, in zai hau ya shaƙa, in zai sauka ya fitar. Yatsa biyar, numfashi biyar. Zai iya yi a ƙarƙashin benci a aji ba wanda ya sani. Yaron da ya saba tasbihi da yatsu bayan salla ba zai ga baƙon abu a nan ba, kuma babu laifi ya haɗa kowace fitar numfashi da zikiri ko gajeriyar addu'ar da ya haddace, a zuci, ba da gaggawa ba. A ganina wannan ya fi kama zuciyar yaranmu fiye da a ce su yi tunanin bakin teku da ba su taɓa gani ba.

Abu na ƙarshe a wannan mataki, kuma shi aka fi tsallakewa: ku riƙa gwada gorar shaƙa ba tare da an fesa magani ba. Ya zauna, ya saki kafaɗa, ya kama bakin gora, numfashi biyar a hankali, idonsa a kan naku. Ku yi ta har ya zama jiki ne ke yi ba tunani ba.

Mataki na huɗu: ya koyi bambance tsoro da ciwo

Tsoro da asma suna kama da juna, kuma sukan zo tare. Asma tana zuwa da tari, da kukan ƙirji musamman wajen fitar da iska, da lotsawar fata tsakanin haƙarƙari ko a ramin wuya. Firgici zalla ya fi zuwa da jiri, da yawan ajiyar zuciya, da jin yatsu ko gefen baki suna tsikari, da jin iska ba ta cika ƙirji alhali babu kuka a ciki.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane yaro ya sani tun wuri. Salbutamol kansa yana sa zuciya bugawa da sauri, yana sa hannu rawa na ɗan lokaci. Yaron da ba a gaya wa ba sai ya ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa, ya ƙara ruɗewa. Ku ce masa: "In ka ji zuciyarka tana gudu bayan ka shaƙa, maganin ne yake aiki, zai wuce."

Ku ba shi kalmomi masu sauƙi, kore in ƙirji sakayau ne, rawaya in ya fara nauyi ko tari, ja in magana tana yi masa wuya. Ku riƙa tambayarsa safe da yamma, a taƙaice, ba tare da kun zuba masa ido da fargaba ba. Wasu yaran ba sa jin ciwon sai ya yi nisa, wasu kuma komai ƙanƙantar abu ja ne a wajensu, dukansu wannan tambayar tana daidaita su a hankali. Ƙa'idar dai ɗaya ce: in kuna shakka ko tsoro ne ko asma, ku ɗauke ta asma, ku ba da magani. Kada kuma a taɓa ba shi leda ko takarda ya yi numfashi a ciki.

Mataki na biyar: ranar da ciwon ya tashi

Magani ne farko. Ku zaunar da shi a miƙe, ya ɗan sunkuyo gaba, kada a kwantar da shi. Ku fitar da shi daga hayaƙi ko ƙura, ku sassauta masa riga. Shuɗiyar inhela ta gora, fesa ɗaya-ɗaya, gwargwadon abin da likita ya rubuta. In babu takarda a hannu, abin da aka saba koyarwa shi ne fesa ɗaya duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, har zuwa goma in bai sassauta ba.

Mutum ɗaya ne zai yi magana. Sauran su ba da wuri, a fitar da yara, maƙwabta su tsaya a waje. Wanda ke tare da shi ya durƙusa daidai tsayinsa, ya sassauta murya, ya yi gajerun kalmomi: "Ina nan. Dube ni. Saki kafaɗa. Hura a hankali." Kada ku ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba umarni ake bi a kwanta ba. Kada ku ce babu komai, shi ya san akwai. Kada ku jera masa tambayoyi, iskar da zai amsa da ita yana buƙatarta. Ku yi numfashin da kuke so ya yi a gabansa, da ɗan sauti, yakan bi ba tare da an ce ya bi ba. Fuskarku yake karantawa don ya san girman abin da ya same shi.

Ga iyaye mata masu kunyar ɗan fari, ina girmama wannan al'ada, amma a irin wannan dare ku ajiye ta. Ki riƙe hannunsa, ki yi masa magana. In kin san ba za ki iya ba, tun yanzu a san wa zai tsaya, goggonsa ko kakarsa ko babansa, kuma a koya wa wannan mutumin gora da inhela. Addu'a da tofi a yi su hannu yana riƙe da gora. Turare da hayaƙi kuwa, ko na magani ne, kada su kusanci ɗakin.

Ku tafi asibiti nan take, kuna ci gaba da ba da maganin a hanya, in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan: ba ya iya ƙarasa magana ko shan ruwa, leɓe ko harshe ya canza launi zuwa shuɗi ko toka, fatar haƙarƙari tana lotsawa sosai, ya yi laushi ko yana gyangyaɗi ko ya rikice, maganin bai yi aiki ba ko ciwon ya dawo kafin awa huɗu. Ku kula da wannan musamman: in kukan ƙirji ya ɗauke alhali yaron yana ƙara galabaita, ba sauƙi ba ne, iska ce ta daina wucewa. A nan babu zancen yatsu biyar. Tunda ciwon ya fi tashi tsakanin tsakar dare da asuba, ku ajiye lambar maƙwabci mai mota ko mai Keke tun da rana, ku kuma san asibitin da ke buɗe da dare.

Bayan kwana ɗaya ko biyu, ku ba shi dama ya ba da labarin da bakinsa, ko ya zana. Ku tambaye shi me ya fi ba shi tsoro, me ya taimaka. Ku yaba masa a kan abu takamaimai: "Na ga yadda ka riƙe gorar da kanka." Yaron da ya fito daga tashin ciwo yana jin ya yi wani abu da hannunsa, na gaba ba ya zo masa da firgici irin na baya.

Mataki na shida: ku nemo abin da ke cin zuciyarsa

Minti biyar na natsuwa ba za su goge awa goma na fargaba ba. Ku sami littafi ku riƙa rubuta ranar da ciwo ya tashi da abin da ya faru a kwanakin. Za ku ga hunturu a ciki, tun daga Nuwamba har Maris lokacin da ƙurar Sahara ke saukowa, za ku ga mura, turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, fiya-fiya, janareta, murhun itace, ƙona bola, kyankyasai, tattabaru. Amma ku rubuta ɗaya ɓangaren ma: makon jarrabawa, ranar hadda, tafiyar uba, rasuwa, sabuwar amarya a gida, faɗan da aka yi yana kwance ana zaton ya yi barci.

Makaranta sai kun je da ƙafarku, boko da Islamiyya duka. Ku nemi a bar inhela a jakarsa, ba a kulle a ofis ba. A cire shi daga sharar aji da goge allo, a ba shi wani aikin don kada yara su ce an fifita shi. Tsallen kwaɗo da zagaye fili a matsayin horo ba nasa ba ne, kuma tsoron bulala kaɗai ya isa ya hana yaro ɗaga hannu ya ce ƙirjinsa ya fara. Ku tambaye shi ko ana tsokanarsa. Yara da yawa, musamman masu tasowa, suna ɓoye inhela don kunya, su je bayan aji su shaƙa, ko su haƙura gaba ɗaya.

Kada ku hana shi wasa. Hana yaro gudu yana raunana jikinsa, yana kuma koya masa cewa shi abin lallaɓawa ne. Ya fara da ɗumama jiki, ya shaƙi shuɗiyar kafin wasa in likita ya ce haka, ya rufe hanci da baki da ƙyalle in ana hazo. In wasa kullum yana tayar da ciwon, rigakafin ne bai isa ba. Barci kuma ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, a raba shi da waya kafin kwanciya.

Wani lokaci canjin halin daga magani ne. Montelukast, ƙwayar da ake ba yara da dare, hukumar magunguna ta Amurka ta sa mata gargaɗi mafi girma a 2020 saboda tana iya kawo mugun mafarki, rashin barci, fushi da baƙin ciki. Prednisolone da dexamethasone, magungunan kwantar da kumburi, su ma suna canza hali da barci, kuma ba abin saya a kemis a yi ta sha ba ne. In kun ga yaro ya canza bayan fara sabon magani, ku koma wa likita da wuri.

Ku kanku

Uwar da ta shekara tana barci da kunne ɗaya a buɗe ta gaji, kuma yaro yana gani. Ga kuɗin magani, wanda ya yi tashin gwauron zabi a Nijeriya bayan kamfanin GSK mai Ventolin, wato inhelar salbutamol, ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a ƙasar a 2023. Ku tambayi mai ba da magani salbutamol na wasu kamfanoni masu lambar NAFDAC, maganin ɗaya ne. Kada a yi lissafin kuɗin inhela a gaban yaro, domin akwai wanda zai fara ɓoye ciwonsa don ya tausaya muku. Iyaye maza, ku karɓi wasu dararen, ku iya haɗa gora da kanku. Numfashin da kuke koya masa ku ma ku riƙa yi, ku ne za ku fi buƙatarsa a daren da za ku riƙe gora hannu bai yi rawa ba.

In tsoron ya kai yaro yana ƙin makaranta, ko ya daina cin abinci da wasa, ko yana shaƙar shuɗiyar sau da yawa alhali ƙirji ba ya kuka, ko ya koma fitsarin kwance, ko yana yawan zancen mutuwa, kuma abin ya wuce makonni, to ya fi ƙarfin zaman bayan magariba. Ku gaya wa likitan yara ƙarara, ku nemi ya tura ku wajen masanin halayyar yara ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da su. Ku tafi da littafin da kuke rubutu a ciki, da duk magungunan da yake sha, har da gorar, don a ga yadda yake shaƙa.